Fiyano Mai Hammata

Duk Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya raɗa wa Muntaka suna Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta da jan fenti a jikin rumfarsa ta gyaran fanka da rediyo. Mutum ne da bai taɓa kallon abu ya ce ya yi daidai ba. In ka kai masa fanka tana ƙara, zai dawo maka da ita ta daina ƙarar, ta kuma daina juyawa, sannan ya tsaya ya yi maka bayanin cewa iska mai yawa ma ba ta da kyau ga ƙirji. Mutanen layin sun san hali, amma ba sa ƙin sa, don inda Muntaka yake ba a rasa abin dariya.

Matarsa Hafsa nas ce a asibitin koyarwa, mace mai sanyin magana. Tana da wani ɗan fiyano na gwanjo, irin masu arhar nan da ke zuwa da kiɗa a cikinsu: ka danna maɓalli ɗaya ganguna su tashi da kansu, kai kuma ka bi da yatsu. Wata uku ke nan kullum ta dawo daga aiki sai ta ɗora shi a cinya tana maimaita waƙa ɗaya tak. Ita ta tsara ta saboda Hajiya Rabi, shugabar nas-nas ɗin sashensu, wadda za a yi wa walimar ritaya ranar Asabar. Hajiya Rabi ce ta hana Hafsa ajiye aiki shekarar da mahaifinta ya rasu, kuma har yau Hafsa ba ta samu bakin gode mata ba, don ba ta iya dogon jawabi ba. Abin da ke ranta duk ta zuba shi a waƙar, walimar kuwa sau ɗaya za a yi ta.

Ranar Laraba da yamma tsautsayi ya sa ta yi magana a gaban mijinta.

"Kai, fiyanon nan," in ji ta. "Kiɗa ɗari a cikinsa, amma ko kalangu ɗaya babu. Ga murya kamar ta sauro. In aka ɗauke wuta kuma shi ke nan."

Irin maganar nan ce da mutum ke yi da kayansa, ba da kowa ba. Amma Muntaka ya ajiye cokali.

"Maimaita."

"Ban ce komai ba."

"Kin ce abu uku. Babu kalangu, babu murya, babu batir. Wannan ai aikin rabin yini ne a wurina."

"Malam," in ji Hafsa. In ta kira shi Injiniya, wasa take yi. In ta ce Malam, to a shiga taitayi. "Gobe zan wuce gidan ƙawata a Unguwar Gano, can za mu yi cincin da dubulan na walima, daga can zan riƙa zuwa aiki har Asabar. Abu ɗaya na roƙe ka. Ranar Asabar bayan la'asar ka sa fiyanon nan a adaidaitar Ƙasimu ka kawo min gidan Hajiya a Tarauni. Kawowa na ce. Ba buɗewa ba, ba dubawa ba."

"Haba Sista, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Washegari, ko hantsi bai yi ba, fiyano yana kwance rigingine a kan bencin rumfa, an cire masa marfin ciki. Gambo mai tsire, wanda teburinsa ke maƙwabtaka da rumfar, ya leƙo. Ƙasimu mai adaidaita ma ya faka ya leƙo.

"Na Sista ne wannan?" in ji Gambo.

"Na Najeriya ne daga yau," in ji Muntaka. "Ku duba nan. Waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa zuwa biki a Kano ba. Sun sa kiɗan ƙasashen da ko a taswira ba ka san su ba, sun manta da kalangu. Sun sa lasifika kamar marfin kwalba. Kuma sun ɗauka wuta kullum tana nan, kamar su suke ba mu."

"To ka rubuta musu wasiƙa mana."

"Don su sace min basira? Gambo, kai jinin mahauta ne, a cikin kiɗan kalangu ka girma. Me ke sa kalangu ya yi magana?"

"Makaɗi."

"Hammata! Makaɗi yana matse shi a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, murya ta sauko. To ina hammatar fiyano?"

Gambo ya dubi Ƙasimu, Ƙasimu ya dubi fiyano, suka yarda cewa lallai ba shi da ita.

Akwai wani ɗan wili a gefen hagu na fiyanon, wanda in ka tura shi sauti yake lanƙwashewa ya yi sama. Muntaka ya zura hannu a leda ya fito da abin awon jini na Hafsa, mai ɗamarar nan da ake naɗa wa mara lafiya a dantse, da bututu, da ɗan ƙwallon roba na hura iska. Ya cusa ɗamarar a bayan wilin, ya liƙe da salatif, ya maƙale ƙwallon a hammatarsa. In ya matse, ɗamara ta kumbura ta tura wili. Shi ke nan, in ji shi, fiyano ya samu hammata.

Lasifika kuwa wurin wani mai tallan maganin basir da motarsa ta mutu ya aro ta, irin mai faɗin bakin nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota. Ya haɗa wayoyi, ya gyara tsayuwa, ya ce kowa ya matso ya ga tarihi. Ya danna farin maɓalli ɗaya, ya matse hammata.

Ƙarar da ta fito ba ta da suna. Mai awara da ke tsallaken titi ta saki matsami a cikin mai. Wani mai keke ya shige kwata da ƙafa ɗaya. Tumakin Hajiyar gidan kusurwa suka tsinke igiya suka nufi titin gidan zu, kamar an ce musu can ake rabon dusa.

Gambo ya cire yatsu daga kunnuwansa. "Wallahi na sha ganin yanka, ban taɓa jin bijimi ya yi irin wannan kukan ba."

"Ƙarfi ke nan," in ji Muntaka. "Saura daɗi."

Yana cikin bayanin yadda za a sa daɗin, idonsa a kan jama'a, ya miƙa hannun dama don ya ɗauki ƙarfen narka dalma. Ya ɗauke shi kuwa, amma ta bakin da ya yi ja. Ihun da ya yi bai kai na fiyano ba, amma ya kusa. Ya ruga gida, ya buɗe akwatin maganin Hafsa, ya naɗe hannun da bandeji. Da yake bai san inda ake tsayawa ba, sai da ya ƙarar da naɗi biyu cur, hannu ya koma dunƙulalle kamar kabewa. Ya dawo yana gaya wa mutane cewa kowane babban aiki sai ya ci jini.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ja Gambo suka nufi kasuwar Tarauni, layin 'yan nama, inda wani tsohon makaɗin kalangu, Baba Audu, ke zama a inuwa. Shirin Muntaka shi ne ya ɗauki kiɗan gaske a waya, ya zuba a mimori, ya cusa wa fiyano.

"Baba, kiɗa nake so wanda zai ta da mutum daga kujera."

"Wane mutum?"

"Kowa."

"Babu kiɗan kowa, ɗana. Na 'yan mata daban, na maƙera daban, na mahauta daban. Taron me za a yi?"

"Taron manya. Sirri ne."

Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya saɓa kalangu, ya kaɗa wani mai taushi irin na amare. Muntaka ya ce wannan ai sanyi gare shi. Ya kaɗa wani na 'yan kasuwa. Muntaka ya yi hamma, ya ce ko dai hannun Baba ya fara tsufa ne.

Abin da bai kamata a gaya wa makaɗi ba ke nan. Baba Audu ya gyara zama, ya matse kalangu har jijiyar wuyansa ta fito, ya saki wani kiɗa gajere, mai sauri, mai tsinin murya, kamar ana kiran mutum da sunansa ana zaginsa a lokaci guda. Mahautan da ke sara suka tsaya da gatari a sama. Gambo ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

"Wannan!" in ji Muntaka. "Shi nake nema!"

"Wannan ba na taro ba ne," in ji tsohon, yana haki. "Taken wani ɗan dambe ne. Shekara arba'in ban kaɗa shi ba sai yau da ka ɓata min rai. Mai shi yana nan da ransa a garin nan. Kada ka kai shi ko'ina."

"Baba, kiɗa ai kiɗa ne." Wayarsa ta riga ta ɗauka.

A hanya Gambo ya yi iya ƙoƙarinsa. "Injiniya, ka san tsuma kuwa? Ɗan dambe in ya ji takensa, jikinsa ne ke tashi, ba shi ba. Ba ya sanin inda yake, ba ya sanin wa ke gabansa. Ko a kan tabarmar cin abinci yake, sai ya miƙe."

"Taron nas-nas ne fa, Gambo. Wa zai yi damben, Hajiya Rabi?"

Da suka koma rumfa aiki ya kankama. A mimorin fiyanon akwai wani kiɗa a hankali da Hafsa ta adana don rakiyar waƙarta. Muntaka ya saurare shi, ya ce tafiyar hawainiya ce, ya goge, ya sa taken a gurbinsa, ya kuma saita shi ya riƙa maimaita kansa. Daga nan ya ga cewa fiyano na zamani ya kamata ya kasance da hon, don jan hankalin jama'a kafin a fara. Ya rasa maɓallin da zai ba hon ɗin, sai ya zaɓi wani ja da ke zaune a gefe ba ya aikin komai.

"Wannan na tsayarwa ne," in ji Ƙasimu, wanda ya yi sakandare har aji uku.

"Kiɗa mai daɗi wa ke tsayar da shi?"

Saura batir. Muntaka ya dubi adaidaita, ya dubi Ƙasimu, ya ce in aka fara ƙera irin fiyanon nan da yawa, sunan Ƙasimu za a rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Ƙasimu mutum ne mai son a san da shi. Ranar Asabar da azahar ya kwance batir da hon ya miƙa. Muntaka ya sa batirin a akwatin katako, ya bi da wayoyin ta cikin bututun ƙarfe, ya buga ƙusoshi ta ko'ina, don kada wani ɗan leƙen asiri ya buɗe ya kwaikwaya. Da ya rufe fiyano sukurori bakwai suka yi saura. Ya ce almubazzarancin kamfani ne, ya zuba su a aljihu.

Bayan la'asar suka lulluɓe abin da zanin gado, su uku suka ɗora shi a adaidaita. Ƙasimu ya hau, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa.

"Injiniya."

"Na'am."

"Batirin yana cikin fiyano."

"To ai shi ya sa muka taho da shi."

Haka aka bi titi daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, Ƙasimu yana riƙe da kai, Gambo yana turi da hannu biyu, Muntaka yana turi da ɗaya, ɗayan kabewar a sama. Wata mata a bakin titi ta ɗaga hannu ta ce, "Za ku kai ni Hotoro?"

"Hajiya, in za ki tura, bismillah," in ji Gambo.

Sun iso jiƙe da gumi, walima ta riga ta yi nisa. An kafa rumfuna a ƙofar gidan Hajiya Rabi, nas-nas wajen arba'in cikin anko shuɗi, ga likitoci, ga maƙwabta, janareta na ruri a gefe. A babban tebur Hajiya Rabi na zaune, kusa da ita mijinta Alhaji Bello, tsohon darakta mai ritaya, cikin farar babbar riga, da sanda, da carbi. Dattijo ne da in zai yi magana sai ka sunkuyo kafin ka ji. A unguwar ana cewa ko kaza bai taɓa kora da ƙarfi ba.

Hafsa ta hango maza uku suna nishi a ƙarƙashin abin da ita kaɗai take ɗauka da hannu ɗaya.

"Malam."

"Ki kwantar da hankalinki, Sista. Yau za ki san wa kika aura."

Kafin ta amsa, mai gabatarwa ya riga ya kira sunanta a makirfo, ana ta tafi. Muntaka ya fizge zanin gado. Ga fiyanonta nan, amma da ƙyar ta gane shi: lasifikar mai maganin basir a kansa, akwatin katako a gindinsa, hon a gefe, abin awon jininta kuma yana lilo daga haƙarƙarinsa. Muntaka ya maƙale ƙwallon roba a hammata, ya tsaya kusa da ita yana murmushi.

"Ke ki riƙe yatsu, ni zan riƙe hammata. Danna."

Me za ta yi? Ido ɗari a kanta, Hajiya Rabi tana kallonta da fara'a. Hafsa ta yi bismillah a ranta, ta danna maɓallin da ta saba dannawa wata uku.

Taken Baba Audu ya fashe a Tarauni kamar an buɗe dam. Kofuna suka yi rawa a kan tebur. Wani likita ya zubar da zoɓo a rigarsa. Hafsa ta yi sauri ta danna jan maɓalli don ta tsayar, sai hon ya amsa mata: "Piiit!" Ta sake dannawa. "Piiit! Piiit!"

"A kashe janareta!" wani ya yi ihu. Aka kashe. Fankoki suka tsaya, makirfo ya mutu, fiyano ko gezau.

"Kun gani?" Muntaka ya ɗaga murya, fuskarsa cike da alfahari. "Batir!"

Babu wanda ya kalle shi, don kowa ya juya ga babban tebur. Carbin Alhaji Bello ya tsaya cak. Kafaɗarsa ta dama ta motsa, ta sake motsawa. Ƙafarsa ta fara karkarwa har tebur na jijjiga. Nas biyu suka taso da gudu, sun ɗauka ciwo ne ya kama shi. Hajiya Rabi kuwa ta dafe kai ta ce, "Wayyo, Alhaji, a'a. Ba yau ba."

Sanda ta faɗi. Hula ta bi ta. Dattijon da ba a jin muryarsa ya miƙe tsaye, ya cire babbar riga ta kai ya jefar, ya cire 'yar ciki, ya rage daga shi sai singileti da wando. Ya fizgi gyalen matarsa ya hau naɗe hannun dama da shi. Sannan ya buɗe baki, muryar da ta fito kuwa har ta danne lasifikar mai maganin basir.

"Sai ni Dagi na Audu! Dagi mai huda tsandauri! Wanda ya tsaya gabana ya yi sallama da haƙoransa!"

"Dagi!" Gambo ya yi tsalle ya manta a inda yake. "Wallahi Dagi ne! Babana ya sha ba mu labari! Ashe kana nan!"

Alhaji Bello ya tsallake tebur, mutumin da da safe sai da aka riƙe shi ya hau matakala. Ya shiga fili yana zagaye, yana takun dambe, yana neman abokin karawa. Likitoci suka bi ta ƙarƙashin rumfa. Kujerun roba suka yi ta kifewa. Tiren dubulan ya tashi sama ya sauko a kan mai gabatarwa. Ƙasimu ya rungumi akwatin katako yana ƙoƙarin ɓalle ƙusoshi da makullin adaidaita, yana kiran batirinsa kamar ɗan da ya faɗa rijiya.

Tsoro ya kama Muntaka, kuma mutum in ya tsorata hammatarsa matsewa take yi. Ƙwallo ya matsu, ɗamara ta kumbura, wili ya tafi ƙarshe. Muryar kalangu ta hau sama, ta ƙara tsini, ta ƙara zafi. Alhaji Bello ya yi wata irin kururuwa ya buga ƙafa a ƙasa.

"Saki hammata!" Hafsa ta yi masa tsawa.

"Ta ƙi!"

Duk da haka Muntaka bai yarda cewa akwai abin da ya fi ƙarfin bayaninsa ba. Ya ce bari ya lallashi dattijo. Ya shiga fili, bututu na biye da shi. Ya miƙa tafin hannun hagu gaba, alamar a yi haƙuri. Hannun dama kuwa, mai ƙuna, mai naɗin bandeji biyu, ya janye shi baya can don kada a taɓa masa. Ya ɗan buɗe ƙafafu don kada ya zame a kan zoɓon da ya zube.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan dambe ya san wannan tsayuwar: hagu a gaba a buɗe, naɗaɗɗen hannu a baya. Ba a yi wa ɗan dambe ita sai an shirya.

"Injiniya, sauke hannun!" Gambo ya ƙwala. "Sauke!"

"Alhaji, ranka ya daɗe, bari in yi maka bayani. Wannan fasaha ce ta..."

Shekara arba'in hannun nan yana hutawa, amma bai manta hanya ba. Duka ɗaya ne. Ƙafafun Muntaka suka bar ƙasa, takalminsa ya tsaya a inda yake, shi kuma ya tafi da baya ya sauka daidai tsakiyar fiyano. Aka ji ƙarar roba ta rabu biyu. Fararen maɓallai da baƙaƙe suka watsu a ƙasa, sukurori bakwai suka bi su daga aljihu. Kalangu ya yanke. Hon ya yi wani ɗan kuka siriri, ya yi shiru.

Alhaji Bello ya tsaya yana ƙifta ido. Ya dubi singiletinsa, ya dubi gyalen da ke hannunsa, ya dubi taron. Muryarsa ta koma yadda aka san ta.

"Innalillahi. Hajiya, wa ya faɗi?"

Hajiya Rabi kuwa dariya ta ci ƙarfinta har tana riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ƙyar ta samu numfashi. "Haka fa aka kawo min Alhaji," ta ce wa jama'a, "ina ɗalibar nas, girarsa a fashe, yana ta yi min kirari ina ɗinki. Ya rantse min ya bari, ya koma makaranta. 'Ya'yansa ma ba su sani ba. Yau ga shi an tona mu a bainar jama'a!"

Sai wurin ya kece da dariya da guɗa. Dattijo ya sunkuyar da kai yana neman hularsa, amma murmushi na ɓoye a gemunsa.

Muntaka dai ya dace da wurin faɗuwa, don ba kowa ke faɗuwa a gaban nas arba'in ba. Suka kewaye shi, wata ta duba ido, wata ta ƙirga haƙora ta ce suna nan, sai dai leɓe ya yi suntum. Aka ɗebo ƙanƙara daga kular lemo, aka ƙunshe a hankici, aka danna masa a baki, aka ce ya riƙe kada ya cire. Aka zaunar da shi a kujera tsakanin Gambo da Ƙasimu.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Hafsa ta durƙusa tana tsince maɓallan fiyanonta ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a gefen mayafi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta dubi mijinta ba. Hawaye kawai ke sauka a kan hannunta. Wata uku, kuma ko kalma ɗaya ta waƙar ba ta fita ba.

Hajiya Rabi ta gani. Ta share idonta, ta taso da kanta, ta tsaya a kanta.

"Hafsa, waƙata fa?"

"Hajiya, ya karye."

"Na ga ya karye. Ke ma kin karye? A ƙauyen da na fara aiki, da fitilar ƙwai muke karɓar haihuwa, ba mu taɓa ce wa mace ta dawo gobe ba. Tashi ki ba ni abina."

Hafsa ta miƙe. Babu makirfo, babu janareta, sai kifaffun kujeru. Muryarta ta fito tana rawa, ƙasa-ƙasa, har sai da jama'a suka yi tsit don su ji.

"Ba ke kika haife ni ba, Inna,
amma a gabanki na girma.
Kin yi min faɗa a ɗaki,
kin tsaya min a waje."

Wata nas ta fara tafi a hankali, sauran suka ɗauka. Zuwa baiti na biyu muryar Hafsa ta daina rawa. Hajiya Rabi, wadda shekara talatin da biyar ba a taɓa ganin kukanta a wurin aiki ba, ta ja gyalen da mijinta ya gama dambe da shi ta rufe fuska.

Muntaka na zaune da ƙanƙara a baki. Wata uku ana rera waƙar nan a ɗakinsa, shi yana gefe yana lissafa abin da fiyano ya rasa, sai yau ya ji abin da take cewa.

A hankali ya sauke hankicin daga bakinsa, ya ja numfashi, ya buɗe kumburarren leɓe zai fara bayani. Gambo ya rufe ido. Ƙasimu ya ce, "Hasbunallahu." Muntaka ya dubi matarsa a tsaye tsakiyar fili, maɓallan fiyano ƙunshe a gefen mayafinta. Sai ya mayar da ƙanƙarar bakinsa da hannunsa, ya danne sosai.

Hafsa ta shiga baiti na uku.